Kwana a Mota a Amurka: Abin da Ya Same Mu

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Wani ƙanenmu mai aikin kai abinci a Kalifoniya ya bar ɗakinsa makon jiya saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa, yanzu a mota yake kwana. Ƙidayar gwamnati ta Janairun 2024 ta nuna mutum sama da 770,000 ba su da muhalli a ƙasar nan, amma ni abin da nake nema shi ne bayanin waɗanda abin ya taɓa kansu.

Direba daga Kalifoniya: Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi wata bakwai a cikin wannan hali a 2022, bayan mai gida ya ƙara haya, ni kuwa ba ni da kuɗin ajiya da ake nema kafin a ba mutum sabon ɗaki. Wanka ban sha wahalarsa ba, domin na yi rajista a gidan motsa jiki, kuma nakan yi alwala a masallaci da asuba. Abin da ya hana ni barci shi ne dokar awa 72, wadda ta ba jami'ai damar ɗauke motar da ta wuce kwana uku a wuri ɗaya a bakin titi. Zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin wani aboki, da na dawo na tarar janwe ya tafi da motar, da fasfona da kayan sawata duk a ciki. Kowace rana kuɗin ajiyarta ƙaruwa yake yi, ga shi da ita nake neman abin da zan fanso ta. Da 'yan uwa ba su yi mini karo-karo ba, da gwanjonta aka yi.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Siyatil: Allah ya saka musu da alheri, Malam. Na ɗauki wata mata da ɗanta a falona bayan an ɗauke motarsu, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne takardun makarantar yaron. A nan jihar Washintan, kotun ƙolin jihar ta yanke hukunci a 2021 cewa kuɗin da aka ɗora wa wani mutum mai kwana a motarsa bayan an ɗauke ta ya wuce kima, sai dai hukuncin bai hana janwe zuwa ba.

Wani ɗalibi: Yaya, ni filin ajiye mota na dare ne ya rufa mini asiri. A garin Santa Babara da ke Kalifoniya aka fara wannan tsari tun 2004, inda coci-coci da ofisoshi ke buɗe filinsu da dare a fita da safe, wasu garuruwa kuma suka bi sahu. Na jira makonni kafin na samu gurbi, kuma sai da na nuna lasisi da inshora da rajistar mota masu aiki. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yunin 2024 kan garin Grants Pass da ke jihar Oregon, wanda ya halatta hukunta masu kwana a waje, na ga an ƙara matsa wa mutane.

Mai buɗe zance: Na gode muku. Yau zan karɓi fasfon ƙanen namu in ajiye a gidana, mu sabunta inshorar motarsa, ranar Juma'a kuma zan tuntuɓi liman kan filin masallaci.