Yaya ake gane ɗan wasan tsakiya mai juriya, da yawan gudu ko da wani abu dabam?

Kocin Unguwa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar tamaula. Ina horar da wata ƙaramar ƙungiyar matasa a unguwarmu, kuma akwai wani al'amari da ya hana ni sakat tun farkon kakar bana. Yara biyu ne ke neman gurbi ɗaya a tsakiyar fili, wato lamba shida. Na farko ba ya tsayawa ko kaɗan, duk inda ƙwallo ta nufa yana biye da ita, har 'yan kallo suka laƙaba masa Kante, sunan shahararren ɗan wasan tsakiyar nan na Faransa, kuma idan aka tashi wasa sai an matse rigarsa saboda gumi. Na biyu kuwa, wanda bai san shi ba zai rantse ragwanci ke damunsa, domin yawanci sassarfa yake yi, wani lokaci ma tafiya kawai. Sai dai na lura cewa a ranakun da na saka shi ba a cika keta mu ta tsakiya ba, musamman idan wasa ya zo ƙarshe.

Na kawo maganar a gidan kallo, sai wani ya ce ai lissafin a bayyane yake, wanda ya fi cin kilomita shi ne mai juriya, ya kuma kafa hujja da Marcelo Brozovic na Kuroshiya, wanda ya yi gudun fiye da kilomita 16 a karawarsu da Ingila a Kofin Duniya na 2018. Hujjar ta yi mini nauyi, amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba. Shin da me masana ke auna juriyar ɗan wasan tsakiya da ingancin aikinsa a lokacin da ake cikin wasa?

Malamin Motsa Jiki:

Wa alaikumus salam, Koci. Adadin da aka kawo maka gaskiya ne, amma wanda ya kawo shi ya bar rabin labarin a aljihu. Wasan nan da Ingila an yi ƙarin lokaci, saboda haka minti 120 aka buga ba 90 ba, kuma shi ne karo na uku a jere da Kuroshiya ta kai ga ƙarin lokaci, bayan Denmak da Rasha. A wasan da bai wuce minti 90 ba, ƙwararren ɗan wasan tsakiya kan yi tsakanin kilomita 10 zuwa 13, kuma mafi yawan wannan nisa tafiya ce da sassarfa. Abin da ake yi da gudu mai tsanani, wato daga misalin kilomita 20 a awa zuwa sama, bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na jimillar ba. Ka ga kenan mutum biyu na iya tashi da kilomita 11 kowannensu, alhali ɗaya ya yi aikin da ke sauya wasa, ɗayan kuma zagaya fili kawai ya yi.

Juriyar da ƙwallon ƙafa ke buƙata ba irin ta mai tseren dogon zango ba ce, wanda ke riƙe taki ɗaya daga farko har ƙarshe. Ɗan wasan tsakiya yana zabura ne ya yi mita 15 ko 20, ya taka birki, ya juya, ya yi gogayya da abokin hamayya, sannan kafin numfashinsa ya daidaita a sake buƙatarsa a wani wuri. Taka birki da juyawa suna cin tsokar cinya ƙwarai, amma ba sa ƙara komai a lissafin kilomita. Don haka abin da ake dubawa shi ne saurin farfaɗowa tsakanin zabura da zabura. Wannan ne ya sa wani masani ɗan Denmak, Jens Bangsbo, ya ƙirƙiro gwajin da ake kira Yo-Yo: ɗan wasa ya ruga mita 20 ya dawo, ya huta daƙiƙa 10, ya sake tashi, ana ƙara sauri a hankali har ya gaza cimma layi a kan lokaci. Idan ka yi wa yaranka biyu wannan gwaji, kada ka yi mamaki idan mai sassarfar ya daɗe a ciki fiye da mai yawan gudun.

Akwai kuma batun lokacin da gajiya ke bayyana. Makamashin da tsoka ke ajiyewa yana raguwa sosai a zagaye na biyu, shi ya sa gudu mai tsanani ke ja baya a minti 15 na ƙarshe, kuma a wannan tsakanin ne aka fi zura ƙwallaye. Ni dai ba na yanke hukunci a kan juriyar ɗan wasa kafin minti na 70. Kafin nan kowa jarumi ne.

Tsohon Ɗan Kallo:

Malam ya yi bayani irin na masu ilimi, kuma ban ƙi ko ɗaya daga cikin alƙalumansa ba, amma ina ganin ya ɗora wa na'ura nauyin da ido zai iya ɗauka. Na shafe shekaru ina shiga filin wasa na Sani Abacha a Kano, kuma abin da na koya a kan benci shi ne talabijin ba ya nuna aikin ɗan wasan tsakiya, saboda kyamara ƙwallo take bi. A cikin minti 90, jimillar lokacin da ƙwallo ke ƙafar ɗan wasa ɗaya ba ya wuce minti biyu ko uku. Sauran lokacin duka yana aiki ne ba tare da ita ba, kuma a can ne ake sanin ko wane ne shi.

Koci, ɗana, ka ɗauke idonka daga ƙwallo na minti biyar, ka kafe shi a kan yaron. Idan ƙungiyarku ta rasa ƙwallo a gaba, ka dubi takunsa uku na farko: mai sauran ƙarfi yana juyowa nan take, wanda ya gaji kuwa sai ya ɗan tsaya ya ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi, domin ƙorafin hutu ne a ɓoye. Ka duba ko yana waiwaya kafaɗarsa kafin fasin ya iso gare shi, don gajiya takan fara kama wuya da tunani kafin ta sauka ƙafa. Wanda ya daina waiwaye zai karɓi ƙwallo da baya ga abokin hamayya, a ƙwace. Ka kuma lura da taɓawarsa ta farko, da fasin ɗin mita 10 da ya saba bayarwa ido rufe, idan ya fara gajarta ko ya fara zarcewa. Ƙeta ma alama ce, domin yawancin katin gargaɗin da ake ba 'yan tsakiya a ƙarshen wasa na wanda ya makara ne da taku ɗaya.

Rabi'u Ali na Kano Pillars ya ci gaba da taka leda a gasar Najeriya bayan ya haura shekara 40, kuma babu mai cewa ya fi matasan da ke kewaye da shi gudu. Ya san inda zai tsaya ne, ya san lokacin da zai kashe ƙarfinsa. Haka Mikel Obi, wanda aka sha zarginsa da sanyin jiki, ya buga minti 120 cur a wasan ƙarshe na Gasar Zakarun Turai a 2012, a gidan Bayern Munich, a daren da Chelsea ta shafe mafi yawan lokaci tana tsaron gida. Mai sanyin jiki ba ya tsira a irin wannan dare.

Mai Bibiyar Firimiya:

Baba, na yarda da kai, sai dai ina so in wanke sunan N'Golo Kante, saboda 'yan kallon unguwar Koci sun ba wa yaron sunan da ba lallai ya dace da shi ba. Kante ba bin ƙwallo yake yi kamar yaro da kaza ba. A kakar 2015 zuwa 2016, wadda ƙungiyarsa ta lokacin, Leicester, ta ɗauki kofin Firimiya, shi ne ya fi kowa a gasar ƙwace ƙwallo daga ƙafar abokin hamayya, kuma shi ne ya fi kowa tare fasin a hanya. Na biyun nan shi ne abin lura, domin ba a tare fasin da ƙarfin huhu kaɗai, sai an riga mai bayarwa sanin inda zai aika. Yana da ƙafa, yana kuma da karatun wasa, haɗuwar biyun ce ta sa ya sake ɗaukar kofin da Chelsea a kakar da ta biyo baya.

Amma ko waɗannan alƙaluma sai an yi hattara da su. Leicester ta wancan lokaci tana barin ƙwallo a hannun abokan hamayya ne ta jira kai farmakin ba-zata, don haka damar ƙwacewa ta yi wa ɗan tsakiyarta yawa. Wilfred Ndidi, wanda ya zo ƙungiyar daga Genk a Janairun 2017, shi ma ya jagoranci gasar wajen ƙwace ƙwallo a kakar 2017 zuwa 2018. Rodri a Manchester City ba zai tara irin wannan adadi ba, saboda ƙungiyarsa ce ke riƙe da ƙwallo, amma da ya ji rauni a gwiwa a Satumbar 2024, ba a jima ba City ta sha kashi sau biyar a jere.

Sannan wasa ɗaya ba ya isa hukunci. A wasan ƙarshe na Kofin Duniya na 2018 tsakanin Faransa da Kuroshiya, Kanten nan ya karɓi katin gargaɗi tun a zagaye na farko, daga ƙetar da ya yi ne ma Kuroshiya ta samu bugun da ya kai ga farkewa, kuma a minti na 55 aka cire shi aka saka Steven Nzonzi. Shi ɗin ne kuma aka zaɓa gwarzon wasan ƙarshe na Zakarun Turai a 2021, lokacin da Chelsea ta doke City da ci ɗaya mai ban haushi.

Kocin Unguwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Sai dai mu ba mu da rigar nan mai na'ura da ƙwararru ke sakawa, filinmu rairayi ne, kuma da la'asar muke wasa, rana ba ta gama sanyi ba. Malam, akwai hanyar da zan bi da abin da ke hannuna?

Malamin Motsa Jiki:

Akwai, Koci, kuma a nan shawarar Baba ta fi na'urata amfani, ko da yake zan nace a kan a rubuta, domin ido yana da son kai, yakan tuna abin da ya burge shi ya manta sauran. Ka samu mutum biyu, kowanne da takarda da biro, ɗaya ya bi yaro ɗaya. A raba takardar gida shida, kowane gida minti 15, a riƙa yin alama duk lokacin da yaron ya ɓatar da fasin, ko aka wuce shi, ko ya kasa dawowa bayan ƙwallo kafin farmaki ya iso da'irar tsakiya. Ka kwatanta gida biyun farko da biyun ƙarshe, a wasa huɗu ko biyar, kuma ka tabbata kowannensu ya gamu da ƙungiya mai ƙarfi da mai rauni.

Game da zafi kuwa, ka ari sikeli ka auna su kafin wasa da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa, kuma idan ragin ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, aiki yakan fara lalacewa. Yaro mai kilo 60 da ya sauka zuwa 58 da rabi ya riga ya haura wannan iyaka, don haka kafin ka ce ba shi da juriya, ka fara ba shi ruwa a hutun rabin lokaci ka sake gwadawa. Rairayi kuma yana cin ƙafa fiye da ciyawa, saboda haka kada ka kwatanta sakamakon Yo-Yo ɗinsu da na kowa sai na junansu, a fili ɗaya, a sa'a ɗaya.