Ƙanena ya ajiye aiki, wai kira ne

Yayan mai tafiya: Salama, 'yan'uwa. Abin ya cika mini ciki, shi ya sa na kawo shi nan. Ƙanena, wanda na sayar da masarata ta shekara biyu na biya masa makarantar koyon jinya, ya ajiye aikin gwamnati a watan jiya, wai Ubangiji ya kira shi filin bishara. Yara uku gare shi, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Maganin hawan jinin Mama ma shi yake saya. Jiya na tarar da matarsa tana cusa tukwane a buhu, tana share hawaye da bakin zane. Ban ce kada a yi wa Allah biyayya ba, amma wannan zumuɗi ne. Wa zai ɗauki kayan da ya sauke?

Tsohon mai bishara: Ɗana, janye kalmar nan. A Disamba 1893 samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka Ikko domin su kawo bishara ƙasar nan. A 1894 biyu suka mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham bai fasa ba, har aka kafa tasha a Pategi a 1902. Daga nan ikkilisiyar ECWA ta samo tushe. Da kana wurin, su ma zumuɗi za ka ce sun yi.

Matar fasto: Baba, ka yi mini gafara. Cikin su ukun, wa ya bar mace da goyo a baya?

Shugaban matasa: Ni ban ga zagi a "zumuɗi" ba. Da Bitrus ya fito daga jirgi ya taka ruwa, ai zumuɗi ne, Yesu kuwa cewa ya yi masa ya zo.

Malamar yara: Haba ɗan'uwa! Wancan bangaskiya ce, sai da ya nemi izini. Zumuɗi shi ne ranar da ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, aka ce ya mayar da shi kube. Himma daban, zumuɗi daban.

Shugaban matasa: To wa yake da ma'aunin? Idan abin ya yi kyau ku ce himma, idan ya ɓaci ku ce zumuɗi.

Malamar yara: Ma'aunin na cikin Luka 14. Mai ginin hasumiya yakan zauna tukuna ya yi lissafi.

Tsohon mai bishara: A surar nan dai aka ce mutum ya ɗauki gicciyensa. Ki karanta ta duka, 'yata.

Ɗan ikkilisiyar EYN: Me ya sa duk hira sai Bingham? 'Yan mishan Kulp da Helser, tushen ikkilisiyarmu, sun yi sujadar farko a gindin tsamiya a Garkida a 1923, suka kawo makaranta da asibiti. Mu ne muka fi kowa binne mutane a rikicin arewa maso gabas, ba mu rufe majami'a a zuciyarmu ba. Kada a koya mana biyayya.

Ɗan ikkilisiyar COCIN: Ɗan mishan Kumm, tushen tamu ikkilisiyar, ya isa Wase tun 1904. A riƙa faɗin tarihi cikakke.

Shugaban matasa: Yanzu gasar wa ya riga zuwa muke yi?

Matar fasto: Ku bar tarihi, ku zo kan tukunya. Shekara tara muka yi a ƙauye. Akwai watan da baikon Lahadi bai kai kuɗin mudun gero biyu ba. Na dafa rama da ƙuli na ce wa yara kwaɗo ne na marmari, ni kuma na kwana da ruwa. Ban yi nadama ba, Allah ya sani, mutane sun sami ceto a wurin. Abin da yake ci mini rai shi ne masu tafa wa mai tafiya hannu ranar rakiya, wata uku ba su sake tambayarsa ba.

Wani dattijon ikkilisiya: Mama, wannan magana da mu kike. Mutane ba sa ba da zakka, daga ina za mu ciro?

Matar fasto: An sami na tayil da sabon janareto.

Yayan mai tafiya: Har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan maganin Mama. 1 Timoti 5:8 fa, wanda bai kula da iyalinsa ba? Bulus ma ɗinkin tanti yake yi yana wa'azi. Me zai hana ƙanena ya riƙe allurarsa ya yi bisharar?

Tsohon mai bishara: Ka janye kalmar tukuna.

Mai kula da zaure: Zan rufe nan, dare ya yi. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda kira ne, kuma kalmar zumuɗi ba ta dace da bawan Allah ba. Ni kaina ɗan mai bishara ne, a filin aka haife ni, ban mutu da yunwa ba. Maganar tayil ba wurinta ba ne nan. Yaya, ka je ka sa wa ƙanenka albarka kafin motarsu ta tashi. Batun magani kuma a kai wa dattawa ranar Lahadi.