Kullum ina karanta jarida, amma ba abin da yake zama a kaina

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka mini da shawara. Na cike takardar neman aikin gwamnatin tarayya, an ce jarrabawar a kwamfuta za a yi, kuma akwai tambayoyi kan al'amuran yau da kullum. Mako uku ke nan kowace safiya sai na tsaya wajen mai jarida a shataletalen Leventis da ke Kaduna, in yi karatun tsaye, don aljihun bai kai na saye kullum ba. Daily Trust nakan bi ta tun daga shafin farko har wasanni. Amma jiya ƙanwata ta tambaye ni sunan gwamnan Babban Banki, na yi tsuru-tsuru. Ina nake kuskure?

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, karatun 'yan majalisar bakin titi kake yi, na neman abin musu. Na shekara 35 ina aikin gwamnati, kuma ban taɓa ganin an tambayi wane ɗan siyasa ne ya caccaki wane ba. Duk labarin da ya fara da "ya caccaki" ko "ya mayar da martani", tsallake shi.

Ka sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Abin da za ka riƙa farauta shi ne abin da ya canza: wa aka naɗa, a wane muƙami, wace doka aka sa wa hannu, nawa ne kuɗin, yaushe. Layi ɗaya ya isa. Misali: cire tallafin man fetur, 29 ga Mayu 2023. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Yuli 2024. Shi ke nan, ba sharhi. Ranar Juma'a bayan masallaci ka rufe littafin, ka sa ƙanwar taka ta yi maka tambayoyi, tunda na ga ta iya.

A zamaninmu jaridar New Nigerian guda ɗaya ake kawowa ofis, ta bi manya ɗaya bayan ɗaya, sai bayan azahar take isowa teburin ƙaramin akawu, wani lokacin da shatin kofin shayi a kanta. Minti goma kake da shi kafin na gaba ya miƙo hannu. Dole ta koya mana zaɓe.

Malama daga Unguwar Rimi:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya, ƙanena: ka yi hattara da ƙananan littattafan tsofaffin tambayoyin nan da ake sayarwa. Wanda na saya lokacin jarrabawar ƙarin girma cewa yake ƙasashen ECOWAS 15 ne, alhali Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, saura 12. Taken ƙasa ma an koma tsohon tun Mayun 2024. Nan ne amfanin jarida, ita ke gyara maka tsohon littafi.

Ni nakan fara da Aminiya don maganar ta zauna mini da Hausa, sannan in nemi labarin da Turanci, tunda da shi za a tambaye ka. In tsayuwar ta ishe ka, ka gwada ɗakin karatu na jiha da ke titin Bida, ko ba komai ka samu kujera.

Na Tudun Wada:
Ni dai ina ganin kun ba jarida girman da ya fi nata. Ƙananan hukumomi 774, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, ƙananan hukumomin Kaduna 23, wace jarida ce za ta jera maka su? Minti talatin ya ishe ta a rana. Sauran lokacin ka ba kundin tsarin mulkin 1999 da lissafi da Turanci. Kuma ka je shagon kwamfuta ka saba da linzami, na ga wanda ya san amsa lokaci ya ƙare masa yana lalube.

Ɗan Rigasa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sayi littafin, har na cika shafi biyu. Yarinyar ta sake tambaya ɗazu, na ce Olayemi Cardoso. Sai ta ce to a wace shekara aka naɗa shi? Sai da na leƙa littafin: 2023.