Wane littafin labari zan riƙa karanta wa yara da dare?

Maman Ilham, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarana biyu, mace 'yar shekara 7 da namiji ɗan 4, duk a nan aka haife su. In na yi musu Hausa suna ji, amma da Larabci suke amsawa, abin yana ci mini rai. Ina so in riƙa karanta musu labari bayan isha'i. Ƙanin maigidana zai zo Umra nan da mako biyu, kilo uku ya ce zai iya ɗauko mini. In sa a sayo na Hausa daga Kano, ko in shiga kantin littattafai na Jarir in sayi na Larabci masu hotuna ina fassara musu? Riyal 150 na ware.

Abu Sadiq, Riyad: Magana Jari Ce, an gama magana. Littafi uku ne na Abubakar Imam, tun 1937 ake karanta shi. Ɗana mai shekara 15 ya sauke shi sau biyu. Ki haɗa da Ruwan Bagaja.

Malama Hadiza, Madina: Malam, ɗan shekara 4 fa ta ce. A Magana Jari Ce, kafin a kai inda aku zai fara ba wa Musa ɗan sarki labari yaro ya yi barci. Hausar tana da nauyi ga wanda bakinsa bai buɗe ba. Ƙanwata, nemi Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Gajeru ne, ga waƙoƙi, kina rerawa suna amshi. Shekara 11 na yi ina koyar da aji ɗaya a Zariya, amshin nan shi ke sakin harshen yaro.

Hajiya Uwani, Makka: Ni dai ko me za ki saya kada ki ba wa mai kargo. Bara na tura kuɗi aka sayo wa jikokina littattafai 18, har da na koyon karatu, don mahaifiyata ta rasu tana baƙin cikin ba ta iya hira da su. Wata uku kaya ba su zo ba. Kullum na kira sai ya ce Hajiya ki yi haƙuri, suna hanya. Ranar da suka iso ashe ya haɗa su buhu ɗaya da jarkar manja. Wallahi shafi ya manne da shafi, huɗu kawai suka tsira, su ma biyu na jabu ne, daga shafi na 32 sai ka faɗa na 49. Na zauna a tsakar ɗaki na yi kuka. Ko riyal ɗaya bai mayar mini ba.

Ɗan Fagge: Hajiya, wannan mai kargon ko Gizo ya gan shi sai ya sara masa.

Maman Ilham: Allah Ya mayar miki da alheri, Mama. Ni a hannu za a kawo. Nawa ne kuɗinsu yanzu?

Abu Sadiq: Naira 6,000 aka sayo mini Magana Jari Ce duka ukun a Sabon Gari.

Maman Walid: Haba! Ni 15,000 aka ce da ni watan jiya.

Hajiya Uwani: Na 6,000 ɗin nan shi ne jabun. Ka ƙirga shafukan naka.

Baba Adamu, Jidda: 'Yata, ni a Wad Madani ta ƙasar Sudan aka haife ni, kakana ne ya baro Katsina a ƙafa da niyyar Hajji. Ban taɓa riƙe littafin boko na Hausa ba, ga shi da Hausa nake miki magana. Kakata ce ke cewa ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta. Riƙe kuɗinki, kashe talabijin.

Malama Hadiza: Baba, ku unguwa guda ce ta Hausawa ta rene ku. Ita tana bene hawa na huɗu, maƙwabta ba mai jin ko sannu. Kuma iyayen yanzu nawa ne suka riƙe tatsuniya uku daga farko har ƙurunƙus?

Hajiya Uwani: Malama, yaushe kika zo ƙasar nan? Mu da muka aurar da 'ya'ya a nan a bari mu faɗa. Aji a Zariya daban, yaron da ya ji an ce masa Takaruni, wato Takari, a makaranta ya dawo ya ce kada a ƙara yi masa Hausa a bakin ƙofa daban.

Maman Walid: Wallahi Mama kin taɓo inda ke mini ciwo. Nawa in muna kanti na yi masa Hausa sai ya saki hannuna ya yi gaba.

Abu Sadiq: Na duba, nawa ma shafi takwas babu a na biyu. Hajiya, wanda ya cuce ki ɗin nan ta Jidda yake sauke kaya? Akwai buhun kilishi da yaji na matata a hannun wani tun Sha'aban.