Git tun farkon zango ko sai sun kama Python?

malamar_aji:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni ajin 'yan koyo zan koya musu Python, yaren rubuta firogiram, yawancinsu ko tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni, ba su taɓa buɗewa ba, wasu ma in sun ajiye fayil ba su san wace folda ya faɗa ba. To a tsarin karatun har da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da aka yi wa fayiloli, shi ne nake ta tunani, in shigo da shi da wuri ne ko in bari sai sun iya loop da function tukuna? Tsorona kar abu ya yi musu yawa su gudu.

tsohon_hannu:
Wa alaikumus salam malama. Ki fara da wuri, amma a kan kwamfutarsu kawai, umarnin Git na farko-farko, init, status, add, commit, log, shikenan. Ki sa kowa ya rubuta ɗan firogiram mai lissafa matsakaicin maki, in ya yi aiki ya yi commit, wato ya adana shi a tarihin Git, sai ki ce su lalata shi da gangan, su goge layuka su hargitsa komai, sannan su buga git restore da sunan fayil ɗin. Wallahi da sun ga aikinsu ya dawo yadda yake za su gane amfanin abin ba sai kin yi dogon bayani ba.

ɗan_tamina:
Na yarda amma fa wanda bai san cd da mkdir ba, umarnin shiga folda da na ƙirƙirar sabuwa, a folda ta daban zai je ya yi init, wato ya fara Git. A ba tamina darasi guda ita kaɗai. Kuma su saita suna da imel da git config tun ranar farko, kullum su sa -m da gajeren bayani a commit, in ba haka ba Vim, manhajar gyaran rubutu, ya buɗe musu rabin aji ya maƙale an rasa hanyar fita.

mai_kodin:
Anti dan Allah ki raba musu Git da GitHub, shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne. Git Linus Torvalds ne ya rubuta shi a 2005 saboda aikin Linux, GitHub sai 2008 ya zo. Ki jinkirta push, wato tura aiki zuwa GitHub, domin tun 2021 GitHub ya daina karɓar fasuwod wajen push, sai wani mabuɗin sirri na musamman, token ko SSH, wannan kaɗai ya isa ya cinye miki darasi. In lokacin ya yi ki haɗa su bibbiyu su gyara layi ɗaya da gangan, su ga conflict, wato karon gyare-gyarensu, kina tsaye a kansu.

malamar_aji:
Na gode sosai, Allah ya saka. To branch fa, wato ware reshen aiki daban a cikin Git, kafin GitHub ko bayansa?