Don Allah a taimaka min da Turancin 'yan siyasa, na sha kunya

Tela, Kasuwar Barci:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ke karanta wa dattawan layinmu labarai a teburin mai shayi bayan Isha'i. Shekaranjiya na ga an rubuta wani ɗan siyasa "has thrown his hat into the ring". Kun dai san matsayin hula a siyasarmu, sai na ce musu ya cire hula ya jefar, ya bar tafiyar. Baba mai goro har da cewa Allah raka taki gona. Gari na wayewa sai ga fastocin mutumin reras a titin Ahmadu Bello, ashe takara ya fito! Yanzu Malam Hula suke kirana. Kowace kalma na san ta, haɗuwarsu ce ke kayar da ni. Ina mafita?

Tsohon malamin Turanci, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ɗana. Karin magana ka ci karo da shi, kuma ba a warware shi kalma-kalma. Baturen da ya ji an ce sanata ya sauya sheƙa, ai tsuntsu zai shiga nema. Wannan daga fagen dambe ya samo asali: mai jefa hula cikin fage yana neman abokin karawa ne. Wanda ya janye shi ake ce wa "threw in the towel", wato an jefa masa tawul, ya sallama. Ka riƙa neman jimlar ɗungurungum a waya, ka ƙara kalmar "meaning" a ƙarshe.

Ma'aikacin gwamnati mai ritaya, Kawo:
Kalmar da ta fi yaudara ita ce "impeach". A nan tsigewa muke cewa, don mun gani da idonmu: ran 23 ga Yuni 1981 majalisar jihar Kaduna da jam'iyyar NPN ta yi wa kaka-gida ta tsige Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, gwamnan farko da aka yi wa haka a Najeriya. Amma a Amurka tuhuma ce kawai daga majalisar wakilai, majalisar dattawa ke yanke hukunci. Sau biyu aka yi wa Trump, 2019 da 2021, dattawan ba su same shi da laifi ba. To ka fara duba ƙasar da labarin ya fito kafin ka sauke shugaba a teburin shayi.

Malama, Unguwan Rimi:
Ƙanena, ka ɗauki labari guda ka karanta a Daily Trust, sannan ka nemo shi a Aminiya, gidansu ɗaya. A nan na tsinci "zoning" karɓa-karɓa ne, "consensus" kuwa masalaha. Ka ajiye ɗan littafi kusa da keken ɗinki.

Ɗan Rigasa:
Wasu ma ba sa bukatar fassara. Tun zaɓen gwamnan Kano na 2019 kakata ta san inkonkulusib. Shi kuwa "stomach infrastructure" na tsohon gwamna Fayose a Ekiti, ka ce musu shinkafa da taliyar zaɓe, za su gane.

Tela, Kasuwar Barci:
Na gode ƙwarai, Allah saka da alheri. Malam, yau kuma "lame duck" na gani. Na ja bakina na yi shiru, ban ce musu gurguwar agwagwa ba.

Tsohon malamin Turanci, Tudun Wada:
Gara da ka yi shiru. Mai mulkin da wa'adinsa ya zo ƙarshe ne, an riga an zaɓi magajinsa, 'yan fada sun koma gaishe da sabon.