Shin Hayaƙin Sigari Yana Iya Sauya Halin Kare?

Baban Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da kare ɗan shekara uku wanda na raina tun yana kwikwiyo domin gadin gida, kuma a iya zamanmu da shi ba ya haushi sai da dalili. Wata huɗu da suka wuce muka ɗauki sabon maigadi, mutum mai riƙon amana, sai dai yana shan sigari ƙwarai. Da hunturu ya shigo, karen ya koma kwana ƙarƙashin bencin da ke ɗan ɗakin bakin ƙofa, inda maigadin yake rufe taga ya yi ta busa hayaƙi har asuba. Tun daga nan karen ya kama atishawa, idanunsa suka yi ja suna kwantsa, yana yawan goga hanci da ƙafa, kuma da rana ba ya iya kwanciya wuri ɗaya. Shekaranjiya ƙaramar 'yata ta kai masa ruwa sai ya yi mata gurnani, abin da bai taɓa yi ba. Wasu sun ce in zane shi, wasu sun ce in rabu da shi. Ni kuwa hayaƙin nake zargi, shi ya sa nake neman bayanin masana.

Likitar Dabbobi ta amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Don Allah kada ka doke shi, domin karen da jikinsa ke damunsa ba shi da bakin faɗa, da halinsa yake nunawa, kuma duka tsoro zai ƙara masa, tsoro kuwa shi ne kan gaba wajen sa kare cizo.

Zarginka yana da tushe. Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu suna haddasa ciwon daji, kuma hancin kare ya ninka namu jin ƙamshi da wari nesa ba kusa ba, ta yadda abin da maigadinka ya saba da shi azaba ce ga dabbar da ke rufe tare da shi dare guda. Sannan kare a ƙasa yake rayuwa, inda toka da dattin hayaƙin ke sauka. Suna manne wa gashinsa da buhun da yake kwanciya a kai, in ya tashi lasar jikinsa sai ya haɗiye su. An sha auna fitsarin karnukan da ke gidajen mashaya sigari aka samu sinadarin kotinin, wanda jiki ke samarwa bayan nikotin, wato gubar da ke cikin taba, ya shiga jini. Nikotin kuwa yana zaburar da jijiyoyi da bugun zuciya. Ka haɗa wannan da ƙaiƙayin ido, da kumburin hanci, da barcin da tari ke katsewa, za ka fahimci dalilin da kare mai haƙuri zai zama mai saurin fushi.

Illar ba ta tsaya ga hali ba. Binciken da Farfesa John Reif ya jagoranta a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka, wanda aka wallafa a 1998, ya nuna cewa karnuka masu dogon hanci da ke zaune da mashaya sigari sun fi kamuwa da ciwon dajin hanci, saboda dogon hancin yana tace gubar ta taru a cikinsa. Karnukanmu na gida galibi irin wannan hancin ne da su, abin da ke sa ni damuwa duk lokacin da na ji labari irin naka. A Jami'ar Purdue kuma, Farfesa Deborah Knapp da abokan aikinta sun gano cewa wani nau'in kare ɗan asalin Sikotland yana ninka haɗarin kamuwa da dajin mafitsara kusan sau shida idan yana shaƙar hayaƙin taba.

Ka fitar da shi daga ɗakin yau, ka yi masa wanka, ka jefar da tsohon buhun, sannan ka kai shi a duba, domin ciwon kunne, da kaska, da ciwon haƙori su ma suna sa kare gurnani.

Tsohon Mafarauci ya amsa:

Hajiya likita ta gama magana, amma ina da ƙari biyu. Na farko, ɗana, ka duba ƙarƙashin bencin nan da idonka. Guntayen sigarin da ake yarwa sun fi hayaƙin saurin illa, domin nikotin yana taruwa a cikinsu. Na taɓa ganin kwikwiyona ya tauna su a wata majalisa, kafin mu iso gida yana dalalar da miyau, yana amai, jikinsa na karkarwa, sai da muka kwana a kansa. Na biyu, yaushe rabon da a yi masa allurar haukan kare? Duk karen da halinsa ya juya, tilas a fara kawar da wannan zaton tukuna, kuma kafin likita ya gan shi kada yara su matsa kusa da shi.

Maman Khalifa ta amsa:

Yaya, ina roƙon ka bi maigadin da lalama, domin tausayin karen ne ya sa ya bar shi ya fake wa sanyi, bai san yana cutar da shi ba. Ka nuna masa wuri a waje, nesa da karen da kuma yaranka, tunda hayaƙin da ya ja wa kare jan ido ba zai ƙyale ƙirjin yarinya ba.

Baban Ummi ya sake rubutawa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, an yi masa allurar wata bakwai da suka wuce, katin yana hannuna. Na leƙa ƙarƙashin bencin kamar yadda ka ce, na kuwa share guntayen sigari cike da gwangwanin madara, wasu duk da alamar haƙori a jikinsu. Na gyara wa karen wuri a bayan gida inda iska ba ta bugawa, maigadin ma da kansa ya taya ni kafa langa-langar. Ranar Litinin da safe zan kai shi asibitin dabbobi.